Yadda Ake Tsara Tsoffin Bayanan Injinan Kumbo Domin Amfanin Injiniyoyi

Duk injiniyan da ya taɓa neman sanin ƙarfin turin injin F-1, wanda guda biyar ɗinsa ne suke ɗaga rokar Saturn V a tafiye-tafiyen Apollo, ya san cewa amsar ba ɗaya ba ce. Wata takarda za ta ce fam (ma'aunin ƙarfi) miliyan 1.5, wata ta ce fam 1,522,000, wata kuma ta kawo adadin da ya haura fam miliyan 1.7, alhali babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu. Adadi na farko shi ne wanda aka fara tantance injin a kansa, na biyu ya zo ne bayan an ƙara masa ƙarfi, na uku kuwa ƙarfinsa ne a sararin da babu iska. Wanda ya kwafi ɗaya daga cikin ukun ya zuba a tebur ba tare da ya faɗi wanne ne ba, ya haƙa wa na bayansa rami. Saboda haka ƙa'idar da ta kamata a ɗora dukan aikin a kanta ita ce, kada adadi ya shiga taska sai tare da abubuwa uku: samfurin injin da ake magana a kansa, yanayin da aka auna shi, da takardar da aka samo shi.

Kafin a fara tattara komai

A fara da rubuta tambayoyin da ake so taskar ta riƙa amsawa. Mai son kwatanta injina domin zaɓen tsarin sabuwar roka yana buƙatar alƙaluma kaɗan a kan injina masu yawa, shi kuwa mai binciken dalilin fashewar famfon mai yana buƙatar bayani mai zurfi a kan injin ɗaya ko biyu. Idan ba a yanke wannan shawara tun farko ba, aikin zai bazu daga rokar farko mai ruwan makamashi da Robert Goddard ya harba a 1926 har zuwa injinan yau, kuma ba za a kammala ko ɓangare ɗaya ba. Ya fi kyau a zaɓi dangin injina guda, a gama shi tsaf, a ga inda tsarin ya yi rauni, sannan a faɗaɗa.

Rajistar takardu

Takardu ake fara yi wa rajista, alƙaluma su biyo baya. Kowace takarda a ba ta lambarta ta dindindin, a rubuta sunan hukumar ko kamfanin da ya fitar da ita, lambar rahoton ta asali, ranar fitowa, bugu na nawa ne, da kuma inda aka same ta. Rumbun rahotannin fasaha na hukumar NASA da ake kira NTRS yana ɗauke da dubban rahotanni da kowa zai iya saukewa, kuma a cikinsu akwai jerin SP-8000, inda injiniyoyin shekarun 1960 da 1970 suka taƙaita ƙa'idojin ƙera famfuna, ɗakunan ƙuna, bawuloli da sauran sassa. Waɗannan wuri ne mai kyau na farawa, domin suna nuna rahotannin asali da aka dogara da su.

Sai a ba kowace takarda daraja, domin ba duka suke da nauyi ɗaya ba. A ganina rahoton gwaji da rahoton nazarin tafiya bayan an harba roka su ne a sama, saboda abin da aka auna suke faɗa. Ƙasa da su akwai takardar ƙayyade abin da ake so injin ya yi, wadda buri ce da alƙawari. Ƙasa da ita akwai muƙalun taro da littattafan koyarwa, sannan a can ƙasa takardun talla na kamfanoni da shafukan intanet masu kwafar juna. Ba za a zubar da na ƙasan ba, domin wani lokaci su kaɗai suka rage, amma dole mai karatu ya ga darajar a gefen adadin. Akwai tarko guda da ya kamata a kula da shi a nan: idan takardu biyar suka kawo adadi iri ɗaya, a bincika ko dukansu daga tushe ɗaya suka kwafo, domin in haka ne, shaida ɗaya ce aka ji sau biyar.

Tsoffin takardu da yawa hotuna ne na shafukan da aka buga da tafireta, wasu daga ƙaramin fim aka ciro su. Manhajar da ke karanta rubutu daga hoto tana yawan rikita 3 da 8, ko 1 da 7, kuma takan haɗiye ɗigon da ke tsakiyar adadi. Don haka a ajiye hoton shafin na asali, a rubuta lambar shafin a gefen kowane adadi, kuma mutum ya duba da idonsa kafin a amince. Adadin da aka karanto daga layin jadawali kuwa, a yi masa alama ta musamman da ke nuna ƙiyasi ne.

Sunan injin da zuriyarsa

Sunan injin roka kusan sunan dangi ne. RL10, wanda ya fara tafiya cikin nasara a 1963 a kan sashen roka na Centaur, har yau ana amfani da shi, amma RL10A-3 na shekarun 1960 da RL10B-2 mai dogon baki da ake zaro shi bayan an isa sama sun bambanta a ƙarfi, a nauyi da kuma ingancin ƙona mai. AJ10 ya fi wannan ruɗarwa: AJ10-137, babban injin kumbon Apollo, yana ba da turi kusan kilonuton 91, shi kuwa AJ10-190 na jirgin Space Shuttle kusan kilonuton 27 yake bayarwa, kuma man da suke ƙonawa ma ya sha bamban. Layi ɗaya mai suna AJ10 a tebur ba shi da wani amfani.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a yi hawa uku. Na farko dangi, na biyu samfuri ko zubi, na uku injin guda mai lambar ƙira, idan takardun sun kai ga haka. Alƙaluman ƙira a rataya su a hawa na biyu, sakamakon gwaji da tarihin tafiya kuwa a hawa na uku. Sannan a buɗe tebur na dabam domin sunaye masu yawa da injin ɗaya yake amsawa. Injinan Tarayyar Sobiyet suna da sunan ofishin da ya ƙera su da kuma lambar gwamnati, shi ya sa RD-107 yake fitowa a wasu takardu da sunan 8D74. NK-33 na ofishin Kuznetsov, wanda aka ƙera domin rokar N1 aka kuma jibge shi a ma'ajiya shekaru da dama, ya koma AJ26 bayan da kamfanin Aerojet ya saye shi ya yi masa gyare-gyare. Babban injin Space Shuttle da aka sani da SSME shi ne RS-25 da ya ɗaga rokar SLS a 2022. Duk inda suna ya canza, a rubuta ko ƙarfen ma ya canza, domin wani lokaci lakabi kawai aka sauya, wani lokaci kuma an taɓa cikin injin.

A kuma fayyace abin da ake nufi da injin ɗaya. RD-170 yana da ɗakunan ƙuna huɗu da suke shan mai daga tsarin famfo guda, RD-180 yana da biyu, RD-191 yana da ɗaya. RD-107 yana da manyan ɗakuna huɗu da ƙananan na sarrafa alƙibla guda biyu. Dole a sami gurbin da zai nuna ko turin da aka rubuta na ɗaki ɗaya ne ko na dukan injin, da kuma ko an haɗa da ƙananan.

Adadi da yanayinsa

Nan ne mafi yawan taskoki suke lalacewa, domin mutane suna son tebur mai layi ɗaya ga kowane injin. Abin da ya dace shi ne layi ɗaya ga kowane awo. Layin zai ƙunshi samfurin injin, abin da aka auna, adadin kamar yadda yake a takarda, ma'aunin asali, adadin bayan an mai da shi ma'aunin duniya, yanayin awo, takarda da shafi, da kuma ko an auna ne, an lissafa ne, ko kuwa buri ne kawai.

Yanayin awo yana da rassa da yawa. Na farko shi ne matsin iskar da ke waje: ingancin turi na RS-25, wanda ake rubutawa Isp ana kuma auna shi da daƙiƙa, yana kusan 452 a sararin da babu iska, amma kusan 366 a daidai tsayin teku. Na biyu shi ne rabon oksijin da mai. Injin J-2 na sassan sama na Saturn V yana iya sauya wannan rabo tsakanin 5.5 da 4.5 a tsakiyar tafiya, kuma turinsa yana sauyawa tare da shi. Na uku shi ne matakin ƙarfi. Wanda ya ga an rubuta cewa RS-25 yana aiki a kan kashi 104.5 ko 109 cikin ɗari zai iya zaton an wuce iyaka, alhali ana ƙidaya kason ne daga matakin da aka fara ƙayyadewa a shekarun 1970, kuma aka bar ma'aunin a haka domin kada tsoffin bayanan gwaji su rikice. Matsin ɗakin ƙuna ma yana da wurin awo, domin wanda aka auna a fuskar faifan fesa mai ya ɗan zarce wanda ake lissafawa a mashigar maƙogwaron injin. A injinan lantarki kuwa, turi ba shi da ma'ana sai da ƙarfin wutar da aka ba shi: injin NSTAR na kumbon Deep Space 1, wanda aka harba a 1998, yana ba da kusan milinuton 92 ne idan ya sami kilowat 2.3, kuma yana raguwa yayin da kumbon yake nisa da rana.

Batun ma'auni yana buƙatar tsanani. Takardun Amurka suna amfani da fam na ƙarfi, wanda yake daidai da nuton 4.448, da kuma psi na matsi, wanda shi ma iri biyu ne, psia da ke haɗawa da matsin iskar waje da psig da ba ya haɗawa da shi, masu bambancin kusan 14.7. Takardun Sobiyet suna amfani da tan na ƙarfi, wato kilonuton 9.807, da kilogiram na ƙarfi a kan santimita murabba'i. Wasu takardun Turai suna ba da ingancin turi da mita a daƙiƙa, sai an raba da 9.80665 kafin a sami daƙiƙa. Kada a taɓa goge adadin asali bayan an juya shi, kuma kwamfuta ce za ta riƙa juyawa da ƙa'ida guda, ba kowane ma'aikaci da tasa ba. Kumbon Mars Climate Orbiter ya salwanta a watan Satumba na 1999 saboda wata manhaja tana fitar da alƙaluman ƙananan injinansa da fam, wata kuma tana karɓarsu a matsayin nuton. A kiyaye kuma da ƙarin lambobi na ƙarya: fam miliyan 1.5 idan an juya shi meganuton 6.7 ne, rubuta 6.672332 yana nuna daidaiton da takardar asali ba ta yi iƙirari ba.

Gwada alƙaluma da lissafi

Alƙaluman injin roka suna da alaƙa da juna, kuma wannan alaƙa ita ce mai gadin taskar. Turi daidai yake da nauyin mai da oksijin da ke wucewa a daƙiƙa, a ninka da ingancin turi, a ninka da 9.80665. Ga misali da alƙaluman da aka saba kawowa na F-1: kilogiram 2,578 a daƙiƙa da Isp na daƙiƙa 263 suna ba da kusan meganuton 6.65, wanda ya fi kusa da fam miliyan 1.5 fiye da fam 1,522,000 da ake yawan jerawa tare da su. Bambancin bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, amma ya isa ya sa a koma takardun asali a ga ko an gauraya alƙaluman zubi biyu. Haka kuma za a iya zuba matsi, rabon mai da faɗin baki a manhajar CEA ta NASA, a ga ko ingancin da aka rubuta yana ƙasa da iyakar da sinadaran suka yarda da ita. Idan ya zarce iyakar, akwai kuskure a wani wuri. Idan takardu biyu masu daraja suka saɓa, a ajiye duka biyun, a nuna wanda aka fifita, a rubuta dalili da sunan wanda ya yanke hukuncin.

Gazawa, da gwajin da bai nuna komai ba

Ɓangaren da ya fi kowanne daraja shi ne tarihin abin da ya lalace, kuma shi ne wanda takardun talla ba sa ɗauke da shi. A tafiyar Apollo 6, ranar 4 ga Afrilu 1968, injinan J-2 guda biyu na sashe na biyu sun mutu kafin lokaci, na sashe na uku kuma ya ƙi tashi a karo na biyu. Bincike ya gano cewa wani ɗan bututu mai lanƙwasa da ke kai haidirojin ga abin kunna wuta ya tsage saboda girgiza, abin da ya kashe ɗaya daga cikin injinan biyu, ɗayan kuwa ya mutu ne domin an haɗa wayoyin umarni a karkace. Abin lura shi ne, bututun ya ci gwaje-gwaje masu yawa a ƙasa. Dalili kuwa, a ƙasa tsananin sanyin haidirojin yana sa iskar da ke kewaye ta zama ruwa a jikin bututun, wannan rufi kuma yana kwantar da girgizar, amma a sama babu iskar da za ta zama ruwa. Taskar da ta rubuta cewa bututun ya ci gwaji, ba ta ambaci cewa a cikin iska aka yi gwajin ba, ta faɗi gaskiya amma ta ɓatar da mai karatu. Saboda haka kowane gwaji a rubuta masa wurin da aka yi shi, matsin waje, zafi ko sanyi, tsawon lokaci, da abin da ya bambanta shi da tafiya ta haƙiƙa.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. A daren da ya gabaci harba Challenger, jirgin Space Shuttle da ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa ranar 28 ga Janairu 1986, an tattauna haɗarin sanyi ga zoben roba da ke toshe gaɓoɓin rokokin gefe, amma hankali ya fi karkata ga tafiye-tafiyen da aka ga lahani a cikinsu. Kwamitin binciken da aka kafa daga baya ya jera dukan tafiye-tafiye 24 da suka gabata bisa yanayin zafi, sai hoton ya fito sarai: a cikin 20 da aka yi da zafin da ya kai digiri 19 na Salshiyas ko fiye, 3 kawai suka nuna lahani, su kuwa 4 da aka yi da digiri 17 ko ƙasa, dukansu sun nuna. A safiyar harbawar zafin iska kusan digiri 2 ne. Bayanan suna nan tun kafin haɗarin, yadda aka jera su ne ya ɓoye abin da suke faɗa. Wannan ya sa nake ganin wajibi ne a shigar da kowane gwaji da kowace tafiya, har waɗanda aka duba ba a ga komai ba, kuma a bambanta tsakanin gurbin da ke cewa an duba babu lahani da wanda ke cewa ba a duba ba. Gurbin da aka bari fayau yana haɗe waɗannan biyun, kuma ba abu ɗaya ba ne.

Kowace gazawa a ɗaure ta da sashen da ya gaza, alamar da aka fara gani, dalilin da bincike ya tabbatar, gyaran da aka yi, da samfurin da gyaran ya fara aiki a kansa. A yi amfani da ƙayyadaddun kalmomi na rarrabawa, irin su rashin daidaiton ƙuna, kumfar da ke cin fikafikan famfo, girgizar da ake kira pogo, da tsagewar gajiyar ƙarfe, domin mai nema ya iya zaƙulo matsala iri ɗaya a injina daban-daban.

Dalilin ƙira da ilimin hannu

Ana yawan cewa zanen Saturn V ya ɓata, amma ba haka ba ne, domin an adana zane-zanen da takardu masu tarin yawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne dalilin da ya sa aka yi abu yadda aka yi shi, da dabarun da masu walda da masu haɗa sassa suka riƙe a ka. Shi ya sa injiniyoyin cibiyar Marshall ta NASA suka kwance wani injin F-1 gunduwa-gunduwa, suka auna sassansa da na'urar ɗaukar siffa, har suka kunna injin samar da iskar da ke juya famfonsa a farkon 2013, domin su fahimci abin da zane bai faɗa ba. Shingayen tagulla da ke fuskar faifan fesa mai na F-1 misali ne mai kyau. Zane zai nuna tsayinsu da adadinsu, amma ba zai nuna cewa an kai ga wannan siffa ne bayan gwaje-gwaje kusan 2,000, inda ake tayar da ƙananan bama-bamai a cikin ɗakin ƙuna domin a ga ko wutar za ta koma daidai da kanta. Wanda bai san wannan ba zai iya ɗaukar shingayen nauyi ne na banza ya cire su.

Don haka a buɗe gurbin dalili ga kowane muhimmin zaɓi, a rubuta hanyoyin da aka gwada aka watsar, a haɗa wasiƙun cikin gida, bayanan taro da hirarrakin tsoffin injiniyoyi. Hira ba ta kai rahoton gwaji daraja a batun adadi, domin tunani yana dusashewa, amma a batun dalili sau da yawa babu abin da ya kai ta. A kuma lura da bambancin zane da injin da aka ƙera a zahiri, saboda akan yi gyara a masana'anta bisa takardar izini ta dabam.

Adanawa da doka

A zaɓi sigar da za ta daɗe: CSV ko rumbun bayanai mai buɗaɗɗen tsari domin alƙaluma, PDF/A da TIFF domin takardu da zane. A ajiye kwafi a wurare fiye da ɗaya, a riƙe tarihin kowane gyara, a kuma rubuta ɗan littafin da ke fassara ma'anar kowane gurbi. Amfanin wannan yakan zo a makare: a watan Nuwamba na 2017 masu kula da kumbon Voyager 1 sun kunna wasu ƙananan injina da ba a taɓa su ba tun 1980, kuma sai da suka tono bayanai da manhaja na shekaru kusan 40 kafin su yi hakan.

Fasahar injin roka tana ƙarƙashin dokokin hana yaɗa makamai, irin su ITAR a Amurka da yarjejeniyar MTCR ta 1987. Tsufan takarda ba ya nufin an sake ta. A yi wa kowace takarda gurbin da ke nuna matsayinta na rabawa da kuma hukumar da ta ba da izinin, a ware waɗanda ba a tabbatar ba, kuma kada a buɗe taskar ga jama'a sai wanda ya san dokar ƙasar da abin ya shafa ya duba ta.

Kafin a faɗaɗa zuwa dangi na biyu, a miƙa taskar ga injiniyan da ba shi da hannu a gina ta, a ba shi tambaya ta gaske, misali turin J-2 a rabon mai na 5.5 a sararin da babu iska, da abin da aka canza a injin bayan Apollo 6. A zauna a gefe a kalli inda ya tsaya yana laluben hanya, a ƙidaya matakan da ya bi kafin ya isa shafin takardar asali, sannan a gyara waɗannan wuraren ɗaya bayan ɗaya.